Karatun Tsohon Tarihi da Binciken Kufai a Jami'a: Daga Cike Fom Zuwa Bakin Ramin Tono

A shekarar 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a ƙaramar hukumar Fune ta Jihar Yobe ta yanzu, sai ya ci karo da katako mai tauri a can ƙarƙashin ƙasa. Da labari ya kai ga hukuma, masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt a Jamus suka ɗauki aikin, har aka fito da shi a 1994. Ashe kwalekwale ne mai tsawon fiye da mita 8, kuma gwaji ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000 a duniya. Da makiyayin nan ya faskara shi ya kai gida an yi girki, da babu wanda zai san cewa mutanen wannan yanki sun iya sassaƙar jirgin ruwa dubban shekaru kafin a gina dalar Masar. Fannin da ke sa katako irin wannan ya ba da shaida shi ne ilimin binciken kufai, wanda a jami'a ake kira akiyoloji, kuma wannan bayani na ɗalibin da ke son karanta shi ne, ko shi kaɗai ko haɗe da tsohon tarihi.

Mataki na farko: ka san abin da za ka shiga

Mai karatun tarihi da mai binciken kufai tambaya ɗaya suke bi, amma shaidunsu sun bambanta. Na farko yana dogara da rubuce-rubuce da abin da aka ji daga bakin magabata, shi kuwa na biyu yana karanta abin da mutane suka bari ba tare da niyyar a karanta ba: tsingaron tukunya, kashin maƙera, dutsen niƙa, gawayi, ƙasusuwan dabbobin da aka ci, da tushen ganuwa. Kano ta isa misali. Kundin tarihin sarakunanta, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya fara jerin sarakuna ne daga Bagauda, wajen shekara ta 999 bisa lissafin da aka saba, alhali ragowar narka tama da aka samu a Dutsen Dala ta nuna ana aikin ƙarfe a wurin tun wajen ƙarni na 7. Wato akwai ƙarnoni na rayuwar jama'a da kundin bai kai gare su ba sai ta hanyar hikaya, kuma ƙasa ce kaɗai ta riƙe su.

Saboda haka ka tambayi kanka tun wuri ko kai mai son zaman ɗakin karatu ne, ko kuwa za ka iya jure wuni a rana kana kankare ƙasa. Idan hankalinka ya fi karkata ga Girka da Rum, Jami'ar Ibadan tana da sashe na musamman kan harsunansu da tarihinsu. Idan kuwa Masar da Kush da Aksum da Ghana ta dā da Kanem-Borno ne ke jan ka, za ka same su a darussan sassan tarihi na yawancin jami'o'i. Amma akiyoloji a matsayin digiri mai zaman kansa ba ko'ina ake yin sa ba. Sanannun wuraren su ne Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da ta Ibadan, da ta Nijeriya da ke Nsukka, da ta Jos. A Jamhuriyar Nijar hanyar takan bi ta sashen tarihi na Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, tare da cibiyar bincike ta IRSH, wadda masaninta Boubé Gado ya jagoranci tonon makabartar Bura a 1983.

Mataki na biyu: takardu da jarrabawa

A Nijeriya ana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci, sannan a zauna jarrabawar JAMB da darussa huɗu waɗanda Turanci dole ne a cikinsu. Tarihi ko Gwamnati su ne aka fi nema, amma haɗin darussan yana bambanta daga jami'a zuwa jami'a, don haka ka buɗe littafin bayanin JAMB na shekarar da kake nema ka karanta da idonka, kada ka bar mai shagon kwamfuta ya zaɓar maka. Karatun shekara huɗu ne, wanda kuma ya shigo da IJMB ko NCE yakan fara daga aji biyu. Shawarata ita ce kada ka yi wasa da labarin ƙasa da lissafi da ilimin halittu tun a sakandare, ko da ba a tilasta maka su ba, domin za ka iske su suna jiran ka a gaba, wajen karanta taswira da auna fili da bambance ƙashin akuya da na tunkiya.

Akwai kuma wata jarrabawar da ba ta kan takarda, wato ta gida. Iyaye da yawa da zarar sun ji sunan fannin sai su ce tonon kabari ne ko tara gumaka. Ba a cin wannan muhawara da ɗaga murya. Ka yi musu bayani cikin ladabi cewa mafi yawan aikin a juji da kufan gidaje da wuraren sana'a ake yin sa, ka ba su misali da ganuwar Surame ta zamanin Kanta, ko karofin da aka daina rini a cikinsa, ko zanen duwatsu na Birnin Kudu. Idan da hali, ka kai su Gidan Makama a Kano ko gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, su gani da kansu.

Mataki na uku: shekarun farko a aji

Shekara ta farko da ta biyu na kafa tushe ne. Za a koya maka tarihin fannin kansa, da zamunan dutse, da farkon noma da kiwo, da farkon aikin ƙarfe, da kafuwar birane, sannan ga darussan aro daga tarihi da labarin ƙasa da nazarin al'umma. A nan za ka fara jin sunayen da za su bi ka har ƙarshe: Bernard Fagg, wanda ya gane cewa kawunan yumɓun da masu haƙar kuza ke tonowa a kudancin Kaduna na al'ada ɗaya ne ya kuma raɗa mata sunan ƙauyen Nok, Thurstan Shaw, wanda ya tono kayan tagulla na Igbo-Ukwu a 1959 da 1960, da Graham Connah, wanda ya yanka tudun Daima kusa da Tafkin Chadi a tsakiyar shekarun 1960.

Ɗalibai da yawa a nan suke yin kuskuren haddace sunaye da shekaru don jarrabawa kawai. Abin da ya fi amfani shi ne ka riƙa tambayar yadda aka san abu. Ɗauki Nok. An fara samun kayanta a 1928, kuma wani kan yumɓu da ya shahara an iske shi ne a 1943 wani ya kafa shi a gonar doya a matsayin mutum-mutumin korar tsuntsaye. Da yake yawancin kayan farko a cikin lakar mahaƙar kuza aka tsince su, ruwa ya riga ya ɗauke su daga mazauninsu na asali, an daɗe ana da kyawawan sassaƙe-sassaƙe ba tare da sanin yadda masu su suka rayu ba. Sai da aka yi tono na ƙa'ida a Taruga a shekarun 1960 aka samu murahun narka tama, sannan aikin Jami'ar Frankfurt da ya fara a 2005 ƙarƙashin Peter Breunig ya nuna cewa al'adar ta faro tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), cewa gero suke nomawa, har ma daga baya aka gano alamar kakin zuma a jikin tukwanensu. Duk wannan ƙarin sani ya samu ne domin an iske kayan a inda masu su suka bar su.

A waɗannan shekaru ne kuma ya kamata ka tanadi makamai biyu da manhaja ba lallai ta ba ka ba. Ɗaya shi ne harshe. Wanda ya tashi da karatun allo yana da riba babba, domin Larabci da ajami su ne mabuɗin rubuce-rubucen da ke ajiye a Arewa House da Gidan Adana Takardu na Ƙasa a Kaduna, Faransanci kuma shi ke buɗe abin da aka rubuta kan Nijar da Chadi da arewacin Kamaru. Ɗayan shi ne kwamfuta, musamman manhajar zana taswira irin QGIS, wadda kyauta ce.

Mataki na huɗu: fita daji

Wannan shi ne zuciyar karatun, kuma da shi ake gane wanda zai daɗe a fannin. Da rani aka fi yin sa, lokacin da ciyawa ta bushe ƙasa ta bayyana. Kafin kowa ya taɓa ƙasa, malamai kan nemi izinin hukuma, sannan a je gaisuwa wurin hakimi da dagaci da mai unguwa, a kuma nemi yardar mai gona. Kada ka ɗauki wannan a matsayin ɓata lokaci. Tsohon da ke zaune a ƙofar dagaci shi ne zai gaya muku inda tsohuwar kasuwa take da inda ba a taɓawa, kuma sau da yawa abin da ya ce muku da baki, “can inda kukokin nan suke, nan ne garin kakanninmu,” yakan rage muku yawon mako guda.

Aikin farko shi ne zagayen duba fili. Za ku jera da tazara daidai a tsakaninku kuna tafiya a hankali, ido a ƙasa. Alamun kufai a ƙasar Hausa ba sa ɓuya ga wanda aka nuna masa sau ɗaya: taron itatuwan kuka a wurin da babu gari, tudun ƙasa mai launin toka, tsingaro warwatse bayan an yi huɗa, da'irar duwatsun da aka ɗora rumbu a kansu, baƙin kashin maƙera mai nauyi, da ramukan marina da suka cike. Wani lokaci a tsinci gogaggen dutsen nan da mutane ke kira gatarin aradu, wanda a gaskiya gatarin dutse ne da hannun ɗan Adam ya wasa. Duk abin da aka gani sai a ɗauki lambobin wurinsa da na'urar GPS kafin a ɗaga shi.

Daga nan sai a zaɓi inda za a yanka ramin gwaji, yawanci mita 1 sau 1 ko 2 sau 2. Ana kafa turke guda a matsayin ma'aunin da duk zurfi zai koma gare shi, a ja igiya a kan fegi huɗu, a kuma tabbatar kusurwa ta miƙe ta hanyar auna ƙetaren murabba'in, wanda a ramin mita 1 dole ya ba da mita 1 da santimita 41. Ana sauka ne kaɗan-kaɗan, sau da yawa santimita 10 a kowane zubi, ko kuma a bi canjin launin ƙasa idan ya fito sarai. Babban makami shi ne ƙaramin cokalin magina da buroshi, ba a sa diga sai inda ƙasa ta yi tauri kuma malami ya yarda. Duk ƙasar da ta fito sai ta bi ta rariya, domin ɗan dutsen ado da ƙashin kifi ba sa tsaya wa ido. Wani kaso kuma a zuba shi a ruwa, ƙonannun ƙwayoyin hatsi su taso sama a tace su, kuma ta wannan hanya ce ake sanin ko gero ake ci a gidan ko dawa.

Ka'idar da komai ya rataya a kanta mai sauƙi ce: abin da ke ƙasa ya riga na samansa zuwa, sai fa idan wani abu ya dagula tsarin. Masu dagulawar kuwa suna da yawa, ga gara, ga ramin gafiya, ga saiwar itace, ga shaddar da wani ya haƙa shekara 50 da suka wuce ta ratsa shimfiɗar shekara 500. Gwanintar mai tono ita ce ya ga inda launi ko taushin ƙasa ya sauya, ya tsaya, ya zana, ya ɗauki hoto da ma'auni da kibiyar da ke nuna arewa, kafin ya ci gaba. Tono rushewa ne, shimfiɗar da ka kankare ba za ta sake dawowa ba, don haka littafin da kake rubutu a ciki shi ne zai tsaya a madadinta har abada.

Na koyi wannan da tsada. A fitarmu ta farko na cika leda uku da tsingaro daga zubi uku daban-daban, na rubuta lambobinsu da biro a kan 'yar takarda na jefa ciki, na ɗaure baki. Ƙasar tana da ɗan laima, rana kuma ta bugi ledojin, kafin mu isa masauki gumi ya taru a ciki tawada ta narke. Malaminmu ya ɗaga leda ɗaya ya duba, bai yi faɗa ba, ya ce kawai: “Malam, waɗannan yanzu ba su da bambanci da na bakin hanya.” Tun daga ranar nake rubutu da fensir ko alƙalamin da ruwa ba ya wankewa, takarda ɗaya a ciki ɗaya a waje, da sunan wuri da lambar rami da zurfi da kwanan wata.

Kayan da za ka tafi da su ba su da yawa: malafa, takalmi rufaffe saboda kunama da ƙaya, gorar ruwa, gidan sauro, da littafi mai kauri. Batun tsaro kuma ya zama wajibi a yau, domin akwai wurare masu muhimmanci a Zamfara da Katsina da Kaduna da Borno da ba a iya zuwa cikin kwanciyar hankali, kuma bai kamata ɗalibi ya je ko'ina shi kaɗai ba tare da sanin sashe ba.

Mataki na biyar: ɗakin bincike da sanin shekaru

Kowane mako guda na tono yakan haifar da makonni na zama. Za ku wanke tsingaro, ku shanya, ku rubuta lamba a jikin kowanne, ku ware su bisa siffar baki da kauri da irin adon da aka yi musu, ko na murɗaɗɗiyar igiya ne da aka mirgina a kan ɗanyen yumɓu ko na tsaga. Aiki ne mai gundura, amma da shi ake gane cewa mutanen shimfiɗar ƙasa da na sama tukwanensu iri ɗaya ne ko an samu sauyi. Yana da kyau ka je ka zauna wurin mata masu ginin tukwane ko maƙeran garinku ka ga yadda hannu ke aiki, domin wanda ya ga an toya tukunya ya fi saurin fahimtar dalilin baƙin tabon da ke jikin tsingaro.

Game da shekaru, hanyar da aka fi amfani da ita ita ce gwajin kabon 14, wanda Willard Libby ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1940 ya kuma sami kyautar Nobel a kansa a 1960. Duk mai rai yana ɗaukar wannan sinadari, idan ya mutu sai ya fara raguwa, rabinsa yana ɓacewa a duk shekara 5,730, don haka auna abin da ya rage yana nuna lokacin mutuwa, har zuwa wajen shekara 50,000. Gawayi da ƙashi da ƙwayar hatsi ake gwadawa, ba a gwada dutse da shi. Ana ɗaukar gawayin da bakin cokali a naɗe shi a takardar alminiyom ba tare da hannu ya taɓa ba. Sakamakon yana zuwa ne da ƙari ko ragi na wasu shekaru, ana ƙirga shi baya daga 1950, kuma sai an daidaita shi kafin ya zama shekarar kalanda. Yawancin samfura ƙasashen waje ake aika su kuma da tsada, shi ya sa ɗalibin digirin farko ba safai yake samun wannan gwaji ba, sai ya dogara da kwatanta tukwanensa da na wuraren da aka riga aka san shekarunsu.

Mataki na shida: kundin kammalawa

A shekarar ƙarshe za ka rubuta bincikenka. Ka zaɓi wuri ƙarami wanda kuɗin mota zuwa gare shi ba zai gagare ka ba, wanda kuma kake jin harshen mutanensa. Kufai guda ɗaya da aka auna da kyau, aka zana taswirarsa, aka ji ta bakin dattawa biyar ko shida aka kwatanta maganarsu da abin da ke ƙasa, ya fi babban take kan asalin Hausawa gaba ɗaya wanda za ka cika da kwafe-kwafe. Inda ruwayar baki ta saɓa da shaidar ƙasa, ka rubuta duka biyun ka nuna saɓanin, kada ka lanƙwasa ɗaya don ta dace da ɗaya.

Dole kuma ka san doka. Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa da doka mai lamba 77 ta 1979, ita ke ba da izinin tono, kuma haramun ne a fitar da kayan tarihi daga ƙasa ba da izininta ba. Dillalai sun yi wa wuraren Nok da na Sakkwato da Katsina da Bura mummunar ɓarna, har ta kai an sa kayansu a jerin gargaɗi na majalisar gidajen tarihi ta duniya a shekara ta 2000. Da zarar an san kana wannan karatu, wata rana wani zai zo maka da abu a buhu yana so ka gaya masa kuɗinsa ko ka haɗa shi da mai saye. Amsarka ita ce ka nuna masa hanyar gidan tarihi mafi kusa.

Mataki na bakwai: bayan digiri

Gaskiyar magana guraben aiki a fannin kansa ba su da yawa, kuma gara ka san haka tun kana aji ɗaya. Akwai gidajen tarihi na tarayya, da hukumomin tarihi da al'adu na jihohi irin na Kano da Katsina da cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato, da koyarwa, da yawon buɗe ido a wurare irin Sukur ta Adamawa da UNESCO ta sa a jerinta na wuraren tarihi na duniya a 1999 ko tsohon garin Agadas da ya shiga a 2013. Akwai kuma binciken da ake yi kafin a gina madatsar ruwa ko babbar hanya, irin wanda aka yi a yankin Kainji a shekarun 1960 kafin ruwa ya rufe shi. Wanda ya iya taswirar kwamfuta da rubuta rahoto mai tsabta yakan samu shiga wasu ma'aikatun da ba su da alaƙa da kufai ko kaɗan.

Mai son zama masani kuwa sai ya ci gaba zuwa digiri na biyu da na uku, kuma a nan ne ake zaɓar ƙwarewa guda, ko tukwane, ko ƙasusuwan dabbobi, ko tsirrai, ko tsohuwar fasahar ƙarfe, ko gyaran kayan tarihi. Masu ba da gurbin ƙaro ilimi, a gida ko a waje, sukan tambayi yawan makonnin da ka yi a fili da kuma wanda ya kula da kai, don haka duk lokacin da ka ji wani malami zai fita tono a hutu, ka je ofishinsa ka roƙi ya tafi da kai ko da ɗaukar kwanon ƙasa za ka yi, ka kuma rubuta sunan wurin da kwanakin da aikin da ka yi a littafinka kafin ka manta.